DARASI: "LOAN" DA "CREDIT", INA BAMBANCINSU?

Darasinmu na wannan wata a kan kalmomi biyu ne na Turanci waɗanda kusan kowace takardar banki da kowace takardar dillalin taki take ɗauke da su. Kalmomin su ne "loan", ana faɗinta kamar "lon", da kuma "credit", wadda muka saba faɗi "kiredit". In ka tambayi ɗan makaranta ma'anarsu, zai ce maka duka biyu bashi ne. Bai yi ƙarya ba, amma bai gama magana ba. Akwai inda suka haɗu, akwai kuma inda kowace ta kama hanyarta. Ƙungiyar da ba ta san wannan ba takan sa hannu a kan abin da ba ta gane ba.

Ta Ƙofar 'Yandaka ne Lugga ya shiga birnin Katsina a shekarar 1903. Tun daga zamanin Turawa har yau, takardun hukuma da na banki da Turanci ake rubuta yawancinsu. Manomin da ya biyo hanyar Batsari ya shigo ta wannan ƙofa neman taki ko neman jari, da Hausa za a yi masa bayani, amma takardar da zai dangwala wa yatsa da Turanci take. Ranar da gardama ta tashi kuwa, abin da ke cikin takarda za a bi. Saboda haka ya kamata shugaba da magatakarda da ma'aji na kowace ƙungiya su san waɗannan kalmomi sosai, su kuma koya wa sauran membobi.

1. MU FARA DA HAUSARMU

Kafin mu shiga Turanci, bari mu duba namu harshe, gama Hausa ma ta rarrabe waɗannan abubuwa tun kaka da kakanni.

Aro shi ne ka karɓi abu ka yi amfani da shi, ka mayar da shi ɗin nan. Wanda ya ari garma, garmar nan zai mayar. Shi ya sa ake cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Rance shi ne ka karɓi kuɗi ko hatsi ka kashe ko ka ci, daga baya ka mayar da kwatankwacinsa. Wanda ya ranci tiya biyar ta gero ba ƙwayar nan zai mayar ba, wata tiya biyar zai auno.

Bashi kuwa ya fi su faɗi. Duk abin da ake bin ka, bashi ne. In ka ɗauki sabulu da gishiri a kanti ka ce sai ranar kasuwa, ka ci bashi, ko da yake mai kanti bai miƙa maka ko kwabo ba.

Ku riƙe waɗannan uku a zuciya, za su taimake mu.

2. MENE NE "LOAN"?

"Loan" abu ne da aka miƙa maka domin ka mayar. Mafi yawa kuɗi ne, watau rance. Kalmar ta shiga Turanci ne daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai, kuma 'yar'uwar "lend" ce, wadda ke nufin ba da rance ko ba da aro. Shi kuwa mai karɓa, aikinsa "borrow" ne.

Kowane "loan" na banki yana da abubuwa huɗu: uwar kuɗi, watau adadin da aka ba ka, kuɗin ruwa, wa'adin biya, da jingina ko mai tsaya maka. Ana iya ƙirga shi. Bature yakan ce "a loan", rance ɗaya, ko "two loans", rance biyu. In an rubuta "The society took a loan of ₦500,000", ana nufin ƙungiya ta karɓi rancen ₦500,000. Bisa ga al'ada ruwa yakan fara hawa daga ranar da kuɗin ya fito, a kan dukan kuɗin, ko an taɓa shi ko yana kwance a asusu.

Wani lokaci "loan" yakan zama aro. In takarda ta ce injin ban ruwa yana hannunku "on loan", to aro ne aka ba ku. Injin ba naku ba ne, ba ku da ikon sayar da shi ko jinginar da shi, kuma za a zo karɓarsa.

3. MENE NE "CREDIT"?

Asalin "credit" daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin yarda ko amincewa. Wannan asali shi ne mabuɗin ganewa. "Credit" shi ne yardar da aka yi da kai cewa za ka karɓa yau ka biya gobe. Daga nan ma'anarta ta yi rassa.

Na ɗaya, bashin kaya. "We bought fertilizer on credit" na nufin mun sayi taki bashi. Ba a ba mu kuɗi ba, kaya aka ba mu, aka jinkirta biya.

Na biyu, iyakar abin da aka yarda ka ɗauka. In dillali ya ce ƙungiyarku tana da "credit" har na ₦1,000,000 a wurinsa, bai ba ku miliyan ɗaya ba. Ya buɗe muku ƙofa ne ku ɗauki kaya har su kai haka. In kun ɗauki na ₦300,000 kaɗai, ₦300,000 ake bin ku.

Na uku, sunan mutum wajen biya. In an ce "His credit is good", ana nufin mutumin nan an san shi da cika alkawari, kowa zai yarda ya ba shi.

Na huɗu, shigar kuɗi cikin asusu. Saƙon da ke shigowa waya, wanda muke kira alat, in ya ce "credit", kuɗi ne ya shiga. In ya ce "debit", kuɗi ne ya fita.

Na biyar, wanda bai shafi kuɗi ba ko kaɗan: kiredit na jarrabawar WAEC ko NECO, wanda ake neman guda biyar, har da Turanci da Lissafi, kafin yaro ya shiga jami'a. Haka kuma in an ce a ba wani "credit" saboda aikin da ya yi, yabo ake nufi.

A ma'anar bashi ba a ƙirga "credit". Ba a cewa "two credits" ana nufin bashi biyu. Wanda ya faɗi haka, mai jin Turanci zai ɗauka maganar jarrabawa yake yi.

4. INDA SUKA HAƊU DA INDA SUKA RABU

Ga taƙaitawa. Kowane rance na kuɗi wani nau'in "credit" ne, gama sai an yarda da kai za a ranta maka. Amma ba kowane "credit" ne rance ba. "Credit" kamar hatsi ne, "loan" kamar gero. Duk gero hatsi ne, amma dawa da masara ma hatsi ne.

Shi ya sa hukuma takan yi amfani da "credit" in tana maganar harkar bashin noma gaba ɗaya, ta yi amfani da "loan" in tana maganar abin da mutum ɗaya ya karɓa. A 1977 gwamnatin tarayya ta kafa asusun lamuni mai suna Agricultural Credit Guarantee Scheme Fund, ya fara aiki a 1978 a hannun Babban Bankin Nijeriya. Asusun ba ya ba manomi kuɗi. Banki ne ke ba manomi "loan", asusun kuwa ya tsaya masa, ya ɗauki nauyin biyan banki har kashi 75 cikin 100 na abin da ya maƙale in manomi ya gaza. Ku lura, lamunin nan domin banki ya saki jiki ne. Bai sauke wa manomi nauyin biya ba.

Haka sunayen ƙungiyoyi. Tun bayan dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1935, wadda ta biyo bayan rahoton C. F. Strickland na 1934, ana samun masu suna "Thrift and Credit Society" da masu suna "Thrift and Loan Society". A nan kalmomin biyu sun yi kusa ƙwarai, gama duka ƙungiyoyin tara kuɗi ne da ranta wa membobi.

Akwai kuma wurin da bambancin ya zama tushen sana'a ɗungum. Bankin da ba ya harka da kuɗin ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, yakan sayi kayan da kake so, ya sayar maka bashi da ribar da kuka shirya tun farko. Wannan "credit" ne, amma ba "loan" mai ruwa ba ne. Duk da haka biya wajibi ne, kuma akwai wa'adi.

5. TARKO NA FARKO: BASHIN DA BA A GA RUWANSA BA

Mutane da yawa suna tsoron "loan" saboda an rubuta ruwansa a fili, amma suna sakin jiki da kaya "on credit" don ba a ambaci ruwa ba. Sau da yawa ruwan yana nan, an ɓoye shi ne cikin farashi. Bari mu yi lissafi. Waɗannan kuɗaɗe misali ne kawai, ku sa farashin kasuwarku a madadinsu.

A ce buhun taki kuɗi hannu ₦40,000 ne a watan Yuni. Dillali ya ce ka ɗauka bashi, ka biya ₦50,000 a watan Nuwamba. Ƙarin ₦10,000 ke nan a kan ₦40,000, watau kashi 25 cikin 100 cikin wata biyar. Kashi 5 ke nan kowane wata, ko kashi 60 a shekara.

A ce kuma asusun ƙungiyarku yana ba da rance a kan kashi 2 kowane wata. Ka ranci ₦40,000 ka sayi buhun nan kuɗi hannu. Ruwan wata ɗaya ₦800 ne, na wata biyar ₦4,000. A Nuwamba za ka biya ₦44,000.

Bambanci ₦6,000 ne a kowane buhu. In membobi 20 ne, kowa buhu uku, buhu 60 ke nan, bambancin ya zama ₦360,000. Kuma ₦4,000 ɗin nan da kowane buhu ya jawo, asusunku ya shiga, bai fita waje ba.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Katsina. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa a 1967 ta kuma buga littafinta a kan manoman garin a 1972, ta yi bayanin yadda talaka ke karɓar kuɗi ko hatsi da damina ya biya da dammuna da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha. Wanda ya karɓi ₦30,000 a Yuli ya ba da buhun da ake sayarwa ₦45,000 a Nuwamba, ya biya ruwan kashi 50 cikin wata huɗu, ko da ba wanda ya furta kalmar ruwa.

Ba muna cewa bashin kaya mugun abu ba ne. Wani lokaci shi ne ya fi, musamman in ƙarin kaɗan ne, kuma takin zai zo kafin shuka, rancen banki kuwa sai bayan an yi noman farko. Abin da muke cewa shi ne a yi tambaya biyu kullum: nawa ne kuɗi hannu, nawa ne bashi? Abin da ke tsakaninsu shi ne ruwan.

6. TARKO NA BIYU: ALAT

Ranar da banki ya saki rance cikin asusunka, alat ɗin da zai shigo "credit" zai ce. Kuɗin masarar da ka sayar ma in ya shiga, "credit" zai ce. Abin da ɗanka ya aiko daga Legas ma haka. Waya ba ta bambanta kuɗinka da kuɗin da za ka mayar. Don haka kalmar "credit" a waya ba ta nuna cewa kuɗin naka ne. Tana nuna cewa ya shiga kawai.

Ma'aji ya lura da wannan kuma. A littafin kuɗi na ƙungiya, kuɗin da ya shigo ana rubuta shi a hagu, ɓangaren "debit", wanda ya fita kuwa a dama, ɓangaren "credit". A takardar banki abin a juye yake. Dalili shi ne banki daga nasa gefen yake rubutu. Kuɗin da kuka ajiye, ku ne ke bin banki, shi ya sa yake rubuta muku "credit". Kada ma'aji ya ga haka ya ce an yi kuskure. Mai bin bashi shi ne "creditor", wanda ake bi kuma "debtor".

7. TARKO NA UKU: TALLAFI

A rediyo kalmar tallafi takan rufe abubuwa da dama: kyauta, rangwamen farashi, da rance mai sauƙin ruwa. Kyautar da ba a mayarwa sunanta "grant". "Loan" da "credit" kuwa, a takardar yarjejeniya, babu wadda take nufin kyauta.

Mun ga abin da rashin rarrabewa ya haifar. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a jihar Kebbi, a ƙarƙashin Babban Banki. Shirin ya kai jihohi da yawa har da Katsina, wajen masu shinkafa da auduga da masara. An haɗa manoma rukuni-rukuni suna tsaya wa juna, ruwan bai wuce kashi 9 a shekara ba. Yawancin abin da manomi ya gani kaya ne: iri, taki, maganin feshi, wani wuri har da injin ban ruwa. Za a biya da amfanin gona. A ido ya yi kama da rabon kayan gwamnati, amma a takarda "loan" ne, kuma sunan shirin kansa ya faɗa, gama "borrowers" masu cin bashi ke nan.

Kuɗin da aka fitar ya haura naira tiriliyan 1. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 kawai aka mayar, Babban Banki ya ce kashi 52 ne na abin da wa'adinsa ya cika. Ko wanne aka ɗauka, abin da ya maƙale mai yawa ne. Gaskiya ne wasu ambaliya ta cinye musu, wasu kayan sun iso musu a makare, wasu kuma 'yan bindiga sun hana su zuwa gona, kamar yadda mutanen yankin Batsari da Jibiya suka sani sarai. Amma akwai waɗanda suka ce rabonsu ne na arzikin ƙasa, suka ƙi biya da gangan. A ƙarshen 2023 Babban Banki ya daina karɓar sababbin buƙatu a irin waɗannan shirye-shirye. Mai biya da marar biya, ƙofa ɗaya aka rufe musu.

8. "LOAN" YAKAN ƘARE, "CREDIT" YAKAN BI MUTUM

A da, wanda ya ci bashin banki ya ɓuya a ƙauye da wuya a gano shi. Yanzu ba haka ba ne. Tun 2014 aka fito da lambar BVN, wadda ta haɗa dukan asusun mutum da zanen yatsunsa. A 2017 aka yi dokar da ta tsara aikin kamfanonin da ke ajiye tarihin biyan bashi, waɗanda ake kira "credit bureau". Banki yakan duba wurinsu kafin ya ba da sabon rance. Daga watan Agusta na 2020 kuma aka fara aiki da ƙa'idar da ta ba banki dama ya cire abin da yake bin mutum daga asusunsa na wani banki dabam, in ya sa hannu a kan haka lokacin karɓar rancen.

Nan ne ma'ana ta uku ta "credit" take da nauyi. Rance yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Suna kuwa ba shi da wa'adi. Ƙungiyar da ta biya ƙaramin "loan" a kan lokaci ta ƙara wa kanta "credit", badi za a ba ta wanda ya fi. Memba ɗaya da ya ƙi biya yakan ɓata sunan mutum ashirin.

A Jamus, Friedrich Raiffeisen ya fara taimakon manoma matalauta da kuɗin masu hali, ya ga abin bai ɗore ba. A 1864 ya kafa ƙungiya a Heddesdorf inda manoma da kansu suke tsaya wa juna. Ba su da dukiyar jingina, abin da suke da shi shi ne sanin juna da yarda da juna. Irin wannan ƙungiya ce ta bazu cikin duniya, kuma a ƙasashe da yawa sunanta "credit union". Adashin da matanmu ke yi ma a kan wannan tushe yake tsaye.

9. KAFIN A SA HANNU

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Abin gudu shi ne cin bashi da ido rufe. In ma'aikacin banki ko dillali ya kawo takarda, magatakarda ya tashi cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, muna da 'yan tambayoyi kafin mu sa hannu." Sa'an nan ya tambaya:

a. Wannan kyauta ce, ko aro, ko rance, ko bashin kaya? Wace kalma aka rubuta? A nuna mana ita.
b. Kuɗi za mu karɓa ko kaya? In kaya ne, nawa aka yi musu kuɗi, nawa ne kuma a kasuwa yau?
c. Jimla nawa za mu biya, har da ruwa da kuɗin fom da inshora?
d. Ruwan na wata ne ko na shekara? Daga wace rana zai fara hawa?
e. Wace rana ce wa'adi? Da kuɗi za a biya ko da hatsi? In da hatsi ne, a kan wane farashi?
f. In ɗayanmu ya gaza, wa za a bi?
g. In fari ko ambaliya ta faɗa mana, me takarda ta ce?

A rubuta amsoshin da Hausa cikin littafin ƙungiya, a karanta wa kowa ya ji. A karɓi kofen takardar a ajiye wurin ma'aji. Duk wanda ya ce ba lokacin amsa waɗannan tambayoyi, ku ma ba ku da lokacin sa masa hannu. Matambayi ba ya ɓata.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ƘUNGIYA

1. Ku faɗi bambancin aro da rance da bashi. Wanne ya fi kusa da "loan", wanne da "credit"?
2. Nawa ne buhun taki kuɗi hannu a kasuwarku, nawa ne bashi? Ku lissafa ruwan da ke ciki na kowane wata.
3. Ku ɗauko takardar bashi ta ƙarshe da ƙungiyarku ta sa wa hannu. Ku nemo waɗannan kalmomi biyu a ciki, ku faɗi abin da kowace take nufi a wurin.
4. Akwai abin da ake bin ƙungiyarku har yanzu? Wace shawara za ku yanke a kansa kafin kaka ta wuce?

Allah ya ba mu damina mai albarka.